Ko Kun Sani?

Yaƙin da aka gwabza a bakin Mashigin Suwez a 1973 ya taɓa aljihun manomin Dirin Daji a Arewacin Nijeriya, duk da nisan da ke tsakani. Ranar 6 ga Oktoba, wadda ta yi daidai da 10 ga Ramadan, sojojin Masar suka tsallaka mashigin, suka narkar da tudun yashin ganuwar Bar Leb ta Isra'ila da ruwan famfo mai ƙarfi. Siriya kuma ta afka wa tuddan Golan. Da Isra'ila ta farfaɗo ta tsallako yammacin mashigin, wato cikin nahiyar Afirka, sai gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta yanke hulɗa da ita, ba a maido da hulɗar ba sai 1992.

Babban abin shi ne mai. Saboda yaƙin, Larabawa suka rage haƙowa, gangar da ake sayarwa kusan dala 3 ta doshi dala 12 cikin 'yan watanni. Kuɗin mai suka kwararo Nijeriya, aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji, kaya suka yi tsada. Abin takaici, matasa da yawa suka ajiye fartanya suka nufi birni, a daidai lokacin da fari ya gama ƙone gonakin Arewa.