Likitocin da Indiya ta so ta mayar gida

Bayan an yi wa wata matashiyar likita fyaɗe an kashe ta a asibitin R.G. Kar na Kolkata a Agustan 2024, gwamnatin jihar Bengal ta Yamma ta ba da shawarar a rage wa mata aikin dare. Sai da Kotun Ƙoli ta taka mata birki. Masu ganin shawarar tausayi ce ba su san irin gumin da matan Indiya suka zubar kafin su shiga asibiti ba.

A cikin waɗannan mata, an fi ambaton Anandibai Joshi, wadda aka aurar tana da shekara 9, ta zama likita a Amurka a 1886, tarin fuka ya yi ajalinta a 1887. Likita Kadambini Ganguly kuwa, wata jarida ce ta kira ta karuwa. Mijinta ya kai ƙara, aka ɗaure editan wata 6.

Amma wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Rukhmabai ta Bombai, kuma ba kasafai ake jin sunanta ba. Tana da shekara 11 aka ɗaura mata aure da Dadaji Bhikaji. Ba ta tare ba, ta zauna tana karatu a gidan mijin mahaifiyarta, likita Sakharam Arjun. A 1884 Dadaji ya maka ta a kotu. A 1887 alƙali ya ce ko ta tare ko ɗaurin wata 6, ta ce ta zaɓi gidan yari. Daga ƙarshe mijin ya karɓi rupee 2,000 ya haƙura. Ta tafi Landan, ta kammala likitanci a 1894, ta dawo ta shugabanci asibitin mata a Surat shekaru da dama. Ƙurar da shari'arta ta tayar na cikin abin da ya haifar da dokar 1891, wadda ta ɗaga shekarun kusantar yarinya daga 10 zuwa 12.

Me ya sa suka dage haka? Matan kulle ba sa yarda namiji ya duba su, sai su mutu a ɗaki wajen haihuwa. Wannan kam ba baƙon labari ba ne a ƙauyukanmu. Naƙuda ba ta jiran gari ya waye, saboda haka kwamishinonin lafiyarmu su daina jan ƙafa, su samar wa likitoci mata masu aikin dare ɗakin hutu mai makulli, wuta a harabar asibiti, da masu gadi a bakin ɗakin haihuwa.