Shin Ko Kun San? Tuƙi a Gindin Duwatsun Abzin

Shin ko kun san direban da ya kama hanyar Agadez zuwa Timia da hannunsa yake sace iskar tayoyinsa da zarar ya iso yashi? Taya mai cikakkiyar iska rami take tonawa ta nutse. In an rage mata sai ta baje, ta hau rairayi kamar tafin raƙumi. Sai dai a gindin dutse yashi da duwatsu a cakuɗe suke, kuma tayar da aka sassauta saboda yashi ita ce kaifin dutse zai farke wa gefe nan gaba kaɗan. Shi ya sa yaron mota ba ya nisa da famfo: a sace, a ƙara, a sake sacewa. A ganina wahalar hanyar ke nan, ta fi zafin rana cin rai.

Ko kun san yashi ya fi ɗaukar mota da sassafe? Sanyin dare ne ke kama shi, rana na take ya saki.

Mota in ta kafe, danna totur binne ta kawai zai yi. Shebur ake ɗaukowa, a haƙe gaban tayoyi, a shimfiɗa farantan ƙarfe, a sa giyar taimako, a fita a hankali. Birki mai ƙarfi ma ganganci ne, yashi yake tara wa taya a gaba.

Ko kun san busasshiyar ƙorama, wadda sau da yawa ita ce hanyar, kan ci mota da damina? Ruwa can saman dutse ake sheƙawa, ambaliya ta gangaro alhali ko ɗigo bai taɓa ka ba. Masu hankali ba sa kwana a cikinta.

Ga abin haushi: Bishiyar Tenere, ita kaɗai tilo a hanyar ayarin gishirin Bilma, wani direban babbar mota ya banke ta a 1973. Duk faɗin hamadar nan! An kai gungumenta gidan tarihi na Yamai, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta.

Gasar tseren Paris-Dakar kuwa, wadda Bafaranshe Thierry Sabine ya ƙirƙiro bayan ya ɓace da babur a hamada a 1977, ta tashi daga Paris a Disambar 1978, kuma ta bi ta Agadez. An mayar da ita Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020, amma har yau Dakar ake kiranta.