Hasumiyar Hatteras: Fitilar da Aka Ɗauke Daga Bakin Teku

Idan ruwa ya fara cin ƙasar da ke gindin gidanka, me za ka yi? Ko dai ka gina katanga, ko ka tattara kayanka ka tashi. To, a shekarar 1999 injiniyoyi a Amurka sun ɗauki gini mai tsawon mita 60 da nauyin tan kusan 4,800, suka matsar da shi ɗungurungum. Ginin shi ne hasumiyar fitila ta tsibirin Hatteras, a jihar Arewacin Karolina.

Bari mu fara da dalilin gina ta. A daura da wannan tsibiri, ruwan ɗumi da ke tasowa daga kudu yana haɗuwa da ruwan sanyi da ke gangarowa daga arewa. Ga kuma tuddan yashi kwance ƙarƙashin ruwa har nisan kilomitoci da dama, kuma ba su zama wuri ɗaya. Jiragen ruwan da suka halaka a nan sun yi yawan da har ake kiran wurin maƙabartar Tekun Atilantika.

An kunna fitilar farko a 1803, sai dai hasumiyar gajeriya ce, haskenta kuma ba ƙarfi. Ta yanzu, wadda aka gina da tubali, ta fara aiki a 1870, kuma duk Amurka babu hasumiyar tubali da ta kai ta tsawo.

Ka san me ya sa tsawo yake da muhimmanci? Saboda duniya a dunƙule take. Fitilar da ke ƙasa-ƙasa, doron teku kan ɓoye ta ga jirgin da ke nesa. Amma daga tsawon mita 60, haske na iya kaiwa kusan kilomita 28 kafin ya ɓuya. Shi kuwa ƙarfin hasken ya samu ne daga wani gilashi da Bafaranshe Augustin Fresnel ya ƙirƙiro: zobba-zobban gilashi ne da ke tattara hasken da zai watse, su tura shi a miƙe. Da rana kuma, fentin baƙi da fari da ya nannaɗe jikinta tun 1873 shi ke gaya wa matuƙi cewa Hatteras ce yake hange, ba wata ba.

Matsalar ita ce tsibirin kansa na yashi ne. Igiyar ruwa da guguwa suna kwashe yashin daga gefen teku, gaɓar tana ja da baya a hankali. A 1870 akwai kusan mita 460 tsakanin hasumiyar da ruwa. Kafin a matsar da ita, abin da ya rage bai kai mita 40 ba. Wani haɗarin kuma yana ƙarƙashin ƙasa: an ɗora harsashinta ne kan katako da ke jiƙe cikin ruwan daɗi, wanda ke hana shi ruɓewa. Da zarar ruwan gishiri ya shiga, katakon zai lalace.

An yi ta jayayya. Wasu mazauna yankin sun ce ginin zai rushe a hanya, gara a kewaye shi da katanga. Masana kuwa suka ce katanga ba ta hana gaɓa tafiya, ƙarshenta hasumiyar ta zama tsibiri ita kaɗai. A 1988 Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ta ba da shawarar a ɗauke ta.

Ga yadda aka yi. An raba ginin da harsashinsa, aka zura ƙarafa ƙarƙashinsa, aka ɗaga shi da jak-jak masu aiki da mai. Daga nan aka riƙa tura shi kan dogayen ƙarafa, mita ɗaya da rabi a kowane turi. Cikin kwana 23 ya yi tafiyar kusan mita 880, kuma aka sake kunna fitilar a watan Nuwamba na shekarar.

Bayan tafiyar, tazararta da ruwa ta koma kusan yadda take a 1870. Zaizayar dai ba ta tsaya ba, abin da aka samu shi ne ƙarin lokaci. Duk mai shirin gini a bakin teku ko kogi, ya kamata ya fara tambayar inda ruwan zai kai nan da shekara 100.