Jijiyoyin Hannu Uku da Yadda Likitoci Ke Gyara Su

A Hausa kalmar jijiya tana ɗauke da ma'ana fiye da ɗaya: akwai ta jini, akwai agara mai haɗa tsoka da ƙashi, akwai kuma wadda ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Wannan ta ukun ake nufi a nan.

Daga lakar wuya saiwoyi biyar ke fitowa, su sarƙe a ƙarƙashin ƙashin wuya da hammata, sannan su rarrabu. Uku daga cikin rassansu ne ke isa hannu, wato midiyan da alna da radiyal. Midiyan ta kan ratsa wani matsattsen rami a wuyan hannu, ita ce ke ba babban yatsa da manuniya da na tsakiya da rabin yatsan zobe ji ta ɓangaren tafi, ita ce kuma ke juyo da babban yatsa ya sadu da sauran. In babu ita, riƙe allura ko alƙalami sai ya zama aiki. Radiyal ke ɗaga wuyan hannu, shi ya sa idan ta lalace hannun kan langaɓe.

Alna kuwa kowa ya san ta, ko da bai san sunanta ba. Duk wanda ya taɓa buga gwiwar hannunsa ya ji wani zirr ya sauka har ƙaramin yatsa, to, ita ya taɓa, domin a wurin fata kaɗai ta rufe ta. Yawancin ƙananan tsokokin tafi a hannunta suke. Ita ce kuma cutar kuturta ta fi kamawa, abin da ke sa yatsu biyu na ƙarshe su ƙanƙance kamar faratan shaho. Wajen ƙarshen shekarun 1940 Dakta Paul Brand ya soma miƙar da irin waɗannan yatsu a Vellore ta ƙasar Indiya, ta hanyar karkatar da agarar wata tsoka mai lafiya.

Idan jijiya ta yanke, ɓangaren da ya rabu da laka ya kan ruɓe daga ciki, kamar yadda Augustus Waller ya nuna a 1850, sai kubensa ya rage. Idan aka ɗinke bakunan biyu, zaruruwan za su sake tsirowa su bi kuben, amma tafiyar hawainiya ce, kimanin milimita 1 a rana. Ita kuwa tsoka ba ta da dogon haƙuri: bayan wata 12 zuwa 18 ba tare da saƙo ba, sai ta shanye, ko jijiyar ta iso daga baya ba ta da amfani. Wanda ya faɗo daga babur jijiyoyinsa suka tsinke a wuya, ya kwashe shekara yana jiran hannun ya farfaɗo da kansa, ya cinye yawancin lokacin da likita ke buƙata.

Inda giɓi ya yi faɗi, akan ciro wata jijiyar ji daga sha-raɓa a yi gada da ita, hanyar da Hanno Millesi ya kyautata a Biyana. Abin da majiyyaci zai rasa shi ne ji a gefen ƙafa, ciniki mai sauƙi ke nan.

Dabarar da ta fi ban sha'awa ita ce aron jijiya daga maƙwabta. A 1994 Christophe Oberlin na Faransa ya bayyana yadda ya tsaga alna a damtse, ya ɗebi ɗan ƙunshin zaruruwa, ya jona shi da reshen da ke shiga ƙwanji. Tazarar ta koma 'yan santimita kaɗan, cikin watanni gwiwar hannu ta soma lanƙwashewa. Da farko sai majiyyaci ya dunƙule hannu kafin gwiwar ta motsa, domin ƙwaƙwalwa tana ɗauka da hannun take magana. Sai bayan watanni na atisaye take koyon raba umurnin biyu.