Ko Kun Sani? Dalilin Ƙaruwar Gano Lalurar Galahanga

Lalurar galahanga, wato bambancin da ake samu a ginuwar ƙwaƙwalwa wanda ke shafar magana da mu'amala da jama'a, ta daɗe a cikin al'umma, amma sai a 1943 likita Leo Kanner ya bayyana siffofinta a Amurka bayan ya nazarci yara 11. Alƙaluman hukumar lafiya ta CDC a Amurka sun nuna yaro 1 cikin 150 na da lalurar a 2000, suka koma 1 cikin 36 a 2020, kuma masana suna danganta mafi yawan ƙarin da faɗaɗa ma'aunin gano lalurar, da yawaita gwaji, da wayewar iyaye. Bincike mai yawa ya nuna cewa allurar rigakafi ba ta haddasa ta.

A Masarautar Daura, kamar sauran ƙasar Hausa, yaron da ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, ko yake toshe kunne da ya ji ƙarar injin niƙa, ko yake wuni yana jera marafan kwalba, akan ce iska ce ta taɓa shi, a nufi wurin malami neman ruƙiyya da rubutun sha tun kafin a tuna da asibiti, saboda haka ba ya shiga kowane lissafi. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a 2019, sai dai ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwar yara ba su da yawa, kuma galibinsu suna manyan birane irin su Kano da Kaduna.