Arewacin Ghana: yadda iyalan da suka sauya mazauni ke shirya sabon gida bayan haya ta cinye kuɗin

A garuruwan Bawku da Yendi da Salaga na arewacin Ghana, an saba ganin babur mai ƙafa uku da ake kira Motor King ɗauke da katifa da buhunan tufafi da kwanukan da aka ɗaure a cikin zane. Wasu sauyin wurin aiki ne ya tashe su, wasu aure, wasu kasuwa. A Bawku kuwa dalilin ya fi nauyi. Tun da rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya sake tashi a ƙarshen shekarar 2021, aka riƙa saka dokar hana fita ana sabunta ta, iyalai da dama sun bar gidajensu, wasu zuwa wata unguwa a cikin garin, wasu zuwa Bolgatanga ko Tamale ko Kumasi. Sarkin Ashanti, Otumfuo Osei Tutu II, ya shiga tsakani a 2025, to amma magidancin da ya riga ya kama haya a wani wuri, abin da ke gabansa shi ne ɗaki fayau, da yara, da ɗan abin da ya rage a aljihu.

Sauran garuruwan biyu ma sun san ƙaura. Yendi, fadar sarkin Dagbon, ta yi shekaru cikin zaman ɗar-ɗar bayan kisan Ya-Na Yakubu Andani II a watan Maris na 2002, har zuwa naɗin Ya-Na Abukari II a Janairun 2019. Salaga, babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja, yaƙin basasa na 1892 ne ya tarwatsa fatakenta Hausawa, ciki har da malami Alhaji Umaru wanda ya koma Kete-Krachi. A yau garin yana cikin yankin Savannah da aka ƙirƙira a 2019, kuma kamar ko'ina a arewa, malaman makaranta da ma'aikatan jinya suna zuwa suna tafiya gwargwadon takardar da aka aiko musu.

Haya ce ke fara cin nata

Mai karatu a Yamai ko Ouagadougou, inda aka saba biyan kuɗin ƴan watanni kafin a karɓi makulli, zai yi mamakin tsarin Ghana. Dokar haya ta 1963, wadda aka fi sani da Act 220, ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin wata 6 a gaba. A zahiri, shekara ɗaya ko biyu ake nema, kuma wanda ya iso da iyali a mota ba shi da ƙarfin yin ciniki. Gwamnati ta ƙaddamar da shirin bayar da rancen kuɗin haya a 2023, amma yana neman shaidar samun kuɗi a kai a kai, abin da mai sayar da albasa ko mai ɗinkin riga ba kasafai yake da ita a takarda ba. Ga kuma tsadar kaya: hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100 a Disamban 2022, kuma ko da ta sauko daga baya, farashin katifa da fenti bai koma inda yake ba.

Saboda haka kuɗin shirya gida ragowa ne. Abin da ke raba iyalin da suka zauna lafiya da waɗanda suka shiga bashi, galibi, shi ne ko sun bambance kaya iri biyu: wanda zai manne a bangon mai gida, da wanda za a iya sake ɗorawa a Motor King ranar da aka ce a tashi. Tayil a ƙasa, silin na ado, fenti mai tsada, duk kyauta ce ga mai gida. Idan gyaran ya zama dole, kamar ƙofar da ba ta rufuwa ko rufin da ke yoyo, hanyar da ta fi tsira ita ce a yi yarjejeniya cewa za a cire kuɗin daga haya, a rubuta, a sa hannu a gaban shaida. A zango, mai unguwa ko limami yakan wadatar. Doka ta tanadi a bai wa ɗan haya katin shaidar biya, kuma akwai hukumar kula da haya da ke sauraron ƙorafi, amma takardar da aka rubuta tun ranar farko ta fi zuwa ofis sauƙi.

Bango kuwa farar ƙasa ta ishe shi. Tana da araha, tana haskaka ɗaki, kuma mutum ɗaya zai shafe ciki da falo a yini. Inda akwai ƙananan yara, wasu kan sa fentin mai daga ƙasa zuwa daidai ƙugu, inda hannu ke taɓawa, don a riƙa gogewa da tsumma. A gundumomin da ake feshin maganin sauro a bango, sai a yi shafen kafin feshi, domin wanda ya shafa bayansa ya rufe maganin ke nan.

Taga ta riga kujera

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da falo, don kada baƙo ya zo ya ga babu. Yanayin yankin ne ya kamata ya tsara jerin saye. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu yana shigo da ƙura ta kowace kafa. A Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40, musamman a Bawku, kuma ɗaki mai rufin kwano ba tare da silin ba yakan riƙe zafin har tsakar dare. Wannan ne lokacin sanƙarau, domin arewacin Ghana na cikin zirin da cutar ke yawan ɓulla daga Senegal zuwa Habasha, kuma jami'an lafiya kan yi kira da a kwana a inda iska ke shiga. Daga nan sai guguwar farkon damina da ke yaye rufi, sai sauro.

Iyalin da suka taso daga gida mai ɗakuna da yawa suka dawo ɗaki ɗaya ko biyu, cunkoso ya riga ya same su. Labule mai kauri har ƙasa, ko sif da aka jingina a gaban taga don babu wani wurin, yana ƙara musu. Ragar waya a taga, da ƙofar raga mai sauƙi da kafinta zai haɗa, su ke ba da damar barin ɗaki a buɗe da dare. Labule mara nauyi na atamfa ko yadin gwanjo, wanda za a cire a wanke duk mako a lokacin ƙura, ya fi dacewa da wanda tela ya yi wa ninki uku. Gidan sauro kuwa hukumar lafiya ta Ghana tana bayar da shi kyauta ga masu juna biyu a wurin awo da ƙananan yara a wurin rigakafi, don haka sabuwar zuwa da ta yi rajista a asibiti mafi kusa ta rage kuɗi ɗaya.

Akwai kuma ɗakin da ba a biya masa haya: tsakar gida. Rumfar zana, da itace huɗu da ƴan igiyoyi, tana zama wurin girki da hira da kwanan bazara. Sunan zana ya shiga har Turancin mutanen arewacin Ghana, kuma ana samun ta a kasuwa bayan kaka, lokacin da ciyawa ta bushe. Idan an yi mata inuwa a bangon yamma, ɗakin da ke bayanta ma yakan ragu da zafi.

Inda ba a yin rowa

Abu ɗaya da bai kamata a saya na hannu ba shi ne katifa. Ghana ta haramta shigo da tsofaffin katifu tun 1994, kuma duk wanda ya taɓa yaƙi da kuɗin cizo a gidan haya ya san dalili: daga ɗaki ɗaya suke bin bango su cika gida, maƙwabta kuma ba sa manta wanda ya kawo su. Kamfanonin cikin gida irin su Latex Foam da Ashfoam suna yin katifu masu tauri daban-daban, kuma ƙarama mai tauri ta fi babba mai laushi daɗewa. Gado yana iya jira. Katifa a kan tabarma, a kan leda, ta wadatar na ƴan watanni, muddin ana ɗaga ta da safe a damina don kada laima ta kama ta.

In lokacin gado ya yi, zaɓin itace yana da muhimmanci. Katakon wawa shi ne mai araha, amma gara da ƙwari suna son sa, sai an shafa masa magani. Odum yana da ƙarko, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin sabon zuwa. Shi ya sa mutane da yawa ke komawa wurin mai walda, gadon ƙarfe da kantar ƙarfe ba ruwansu da gara.

Haka batun wuta. A gidajen haya masu mita ɗaya, ana raba kuɗin kamfanin NEDCo ne ta hanyar ƙirga kayan wutar kowane ɗaki, ƙwai da fanka da talabijin da firiji, kowanne da makinsa, kuma rigimar maƙwabta da yawa daga nan take tashi. Tsohon firiji da aka saya da araha yana shan wuta ninki, abin da ya sa ƙasar ta hana shigo da irinsu tun 2013 ta kuma sa a riƙa liƙa wa sababbi alamar taurari. Randa a inuwa tana sanyaya ruwa ba tare da maki ba. A Yendi da Salaga, inda ruwan famfo kan yi wuya a rani, babbar robar ajiye ruwa mai murfi tana cikin kayan farko, ko da ba ta ƙawata komai.

Jere da abin da aka zo da shi

Ado na gaske yawanci yana cikin kayan da aka taho da su. A zangunan Ghana, kamar a Kano ko Maraɗi, ɗakin mace jerenta ne: samira da tasoshi da kwanuka masu murfi, an ɗora su a kabad ko kanta. Kayan aurenta ne, kuma jari ne da za ta iya sayarwa ranar wuya. Irin waɗannan kayan ne ke kai ƴan mata da yawa daga ƙasar Dagbon da Mamprugu zuwa Accra da Kumasi suna dako a kasuwa. Matar da ta bar gida cikin gaggawa ta tsira da rabin jerenta, kanta ɗaya mai hawa uku da za ta jera su a kai tana mayar mata da ɗakin nata fiye da kujerun falo da aka ɗauko bashi.

Sauran kuma yankin yana yin su da kansa. Kwandunan Bolgatanga da ake fitarwa zuwa Turai da Amurka, a nan ana samun su a farashin gida, suna ɗaukar tufafin yara da kayan ɗinki. Saƙar Daboya ta ƙasar Gwanja, wadda ake ɗinka rigar fugu da ita a Yendi da Tamale, guntayenta da suka rage a wurin maɗinki suna isa rigar filo ko shimfiɗar tebur. Faifai da ƙwarya a bango ba sa buƙatar komai sai ƙusa. A Sirigu, arewa da Bolgatanga, mata suna zana bangon gidajensu da jar ƙasa da baƙa da fara, su yayyafa ruwan ɓawon ɗorawa don ya riƙe, wanda shi ne makubar da matan Hausa ke yin daɓe da ita. Wannan aiki ne na mai gidan kansa ko wanda aka ba aron gidan ƙasa a gefen gari, ba na ɗan haya a ginin siminti ba.

Ga manyan kaya, kasuwar Aboabo ta Tamale ce matattara ga mutanen Yendi da Salaga, sai dai a haɗa kuɗin mota a cikin farashi kafin a ce an samu araha. Mutanen Bawku sun daɗe suna tsallakawa Cinkassé a kan iyakar Togo da Burkina Faso don leda da roba da yadi, inda ribar ke hawa da sauka tare da canjin sidi da sefa, yanzu kuma sai an duba lafiyar hanya. Labule da zannuwan gado na gwanjo yawanci daga Kantamanto ta Accra suke haurowa, kasuwar da gobara ta cinye babban ɓangarenta a farkon Janairun 2025.

Yadda ake biya ma wani abu ne. Adashi, wanda a Ghana ake kira susu, ya dace da wannan saye na ɗaya bayan ɗaya: kwasar farko ta tafi a raga da katifa, ta biyu a kanta da leda, kujeru su zo a ƙarshe. Kafin nan, darduma mai tsafta da kujerun roba biyu ko uku sun isa karɓar baƙo. Sabon zuwa ba ya samun shiga adashi nan take, sai wani ya tsaya masa, kuma a nan ne gaisuwar sarkin zango da zuwa suna da biki na unguwa ke yin amfani.

Idan an je wurin kafinta ko mai walda, akwai buƙata ɗaya da ma'aikatan da aka saba yi wa sauyi ba sa mantawa: a haɗa gado da sif da noti, kada a buga ƙusa ko a like da wuta. A auna faɗin ƙofar ɗakin kafin a fara aikin. Kayan da ke kwancewa zai shiga Motor King ɗaya, kuma idan tafiyar ta kudu ce daga Salaga, zai hau jirgin fito na Makango zuwa Yeji ba tare da an ɗauki hayar babbar mota ba.