Gidan Makau: Yadda zuri'ar da ta rasa Zariya ta ba babban birnin Najeriya suna

Kullum motoci suna tashi daga Sabon Gari da Samaru zuwa Abuja, ɗauke da 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati. Kaɗan ne daga cikin matafiyan suka san cewa sunan birnin da suke nufa na wani ɗan sarkin Zariya ne, wanda gidansu ya rasa mulki fiye da shekara 200 da suka wuce.

Labarin ya faro ne daga Sarkin Zazzau Isiyaku Jatau, wanda ya yi mulki a ƙarshen ƙarni na 18. Ruwayoyi sun nuna cewa ya karɓi kiran Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, amma ɗansa Muhammadu Makau, da ya gaje shi a 1802, bai bi sawunsa ba. Wannan saɓani ne ya sa Malam Musa Bamalli, wanda Shehu ya ba tuta, ya nufo Zariya tare da Malam Yamusa Babarbare. An ce Makau yana masallacin Idi a bayan ganuwa lokacin da rundunar ta iso, bai sami damar komawa cikin birni ba. Jerin sarakunan Zazzau ya sa aukuwar wannan a 1804, wasu masana tarihi kuwa sun kai ta 1808.

Makau ya yi kudu da 'yan'uwansa da fadawansa, har ya sauka a Zuba. Daga can ya ci gaba da kiran kansa Sarkin Zazzau, yana karɓar gaisuwa daga wasu garuruwan kudu da suka saba biyayya ga gidansu. Ya rasu a fagen yaƙi kusa da Lapai a 1825, bai sake ganin Zariya ba.

Abin da ya ceci gidan shi ne sarautar ba ta mutu da mutum ɗaya ba. Ƙanensa Abubakar, wanda ake yi wa laƙabi da Abu Ja saboda hasken fatarsa, ya karɓi ragamar jama'a. A 1828 ya kafa sabon gari mai ganuwa, aka kira shi Abuja. Da ya rasu a 1851, wani ɗan'uwansu, Abu Kwaka, ya hau, ya yi mulki har 1877. 'Ya'yan Jatau uku ke nan suka yi sarauta bi da bi. Sun riƙe sunayen sarautun Haɓe da tsarin fadarsu, kuma masarautar ta tsaya da ƙafafunta har zuwan Turawa a 1902. Wannan ne ya sa M. G. Smith, a littafinsa na 1960 kan mulkin Zazzau, ya dogara da Abuja wajen fahimtar yadda fadar Zariya take kafin jihadi.

A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar ɗauke babban birnin tarayya daga Legas zuwa tsakiyar ƙasa. Wani yanki na filin da aka zaɓa na masarautar Abuja ne, sabon birnin kuma ya ɗauki sunan. Tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan sarkin lokacin, Sulaimanu Barau. Gwamnati ta tare a Abuja a ranar 12 ga Disamba, 1991.

Gidajen biyu da suka fafata suna nan har yau. A Zariya, zuri'ar Malam Musa, wato Mallawa, tana cikin gidajen sarauta huɗu tare da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, kuma ta sake samun gadon sarauta a 2020 da naɗin Ambasada Ahmad Nuhu Bamalli, shekara 100 bayan sauke Aliyu Ɗansidi. A Suleja kuwa, cikin Jihar Neja, ana kiran sarki Sarkin Zazzau Suleja, sunan da Makau ya fita da shi daga Zariya ya ƙi saki.

Matafiyin da ya taso daga Samaru, idan ya wuce Kaduna ya kusa isa, zai ratsa ta gefen Suleja, sannan ya bi ta Zuba inda Makau ya sauka, kafin ya shiga birnin da ke ɗauke da sunan ƙanensa.